Wayar Ƙafar Keke Ta Tsinke: A Sauya Guda Ɗaya ko A Sake Saƙa Ƙafar?

Ƙafar keke yawanci tana ɗauke da wayoyi 32 ko 36, kuma idan ɗaya ta tsinke, nauyin da take riƙewa yakan koma kan maƙwabtanta, sai rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ya karkace yana gogar birki.

Sauya guda ɗaya shi ne mafi sauƙin kuɗi, domin wayar ba ta da tsada, ladan mai gyara ne babban abin biya. Ladan yakan ƙaru idan a ƙafar baya ne, ɓangaren sarƙa, saboda sai an kwance haƙoran da sarƙar ke hawa kafin a zura sabuwa, kuma a nan suka fi tsinkewa, musamman ga mai ɗaukar buhu ko jarkokin ruwa.

Sake saƙa ƙafar da sababbin wayoyi gaba ɗaya ya fi cin kuɗi da lokaci, amma ina ganin shi ya dace da wanda wayarsa ta tsinke sau biyu ko uku a jere, domin hakan alama ce ta cewa ƙarfen duka ya gaji. Idan kuwa rim ɗin ya lanƙwashe, sayen sabuwar ƙafa ya fi.