Wane kenel na Linux za ka ɗora wa kwamfutocin shagonka a Garwa?

Masu shagon buga takardu a Garwa da Marwa suna yawan tambayata wane kenel ya kamata su zauna a kai, wato zuciyar Linux da ke haɗa manhajoji da sassan kwamfuta. Ni abu ɗaya nake dubawa: ranar da sabuntawa ta kashe abin da yake aiki lafiya jiya, zan iya bin sawun ɓarnar har in kai ga gyaranta? Irin wannan koma-baya Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya daɗe da kafa dokar cewa ba a yarda da shi.

Zaɓina shi ne kenel mai dogon kulawa, wato LTS, irin 6.1 da ke cikin tsarin Linux na Debian 12 ko 6.12 na Debian 13. Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ne ke riƙe da waɗannan rassa, kuma a ƙa'idarsu gyara ba ya shiga sai ya riga ya shiga babban reshen Linus, ya zo da lambar asalinsa. In ka buɗe bayanin gyaran, sau da yawa za ka ga layin "Fixes:" ɗauke da haruffa 12 na lambar canjin da ya jawo matsalar, ga kuma "Closes:" ko "Link:" mai kai ka ga rahoton farko. Da irin waɗannan layuka regzbot, manhajar da Thorsten Leemhuis ya ƙera, ke haɗa koke da maganinsa. Rana ta ɓaci, kana da inda za ka dafa.

Sabon kenel da ke fitowa duk mako 9 ko 10, bar shi ga mai sabuwar na'ura da wuta tsayayya. Arch da Fedora ma, tsarin Linux masu saurin ɗauko sabon kenel, na masu lokaci ne.

Wanda ya ƙona ni shi ne kenel ɗin kasuwa. Wani mai gyara ya sayar mini da filashi mai ɗauke da kenel, wai nasa ya fi gudu. Kwana uku, katin Wi-Fi ya mutu a kwamfutoci huɗu, ana tsakiyar rajistar jarrabawa, yara sun yi layi cikin zafin Afrilu. Na so in yi git bisect, wanda ke raba canje-canje gida biyu har ya kama mai laifi. Ko sun haura 10,000, gwaji kamar 14 ya isa. Amma ina lambar tushen, wato rubutun da aka gina kenel ɗin da shi? Babu. Mutumin ma bai san daga ina aka kwaso shi ba.

Don Allah ɗan'uwa, kada ka karɓi filashi hannu da hannu, ko fayil da aka turo ta WhatsApp, sai ka gwada sha256sum ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da wanda aka wallafa a hukumance. Wasu suna rubuta "LTS" a jikin suna kawai. Buga uname -r, umarnin da ke nuna sigar kenel, a gaban mai sayarwar, ka tambaye shi lambar tushen. In ya fara kame-kame, karɓi kuɗinka. Haka akwatunan talabijin masu araha da ke zuwa da tsohon kenel da ba mai sabunta shi. Kuma in ka sabunta, bar tsohon kenel a jerin GRUB, inda ake zaɓen kenel lokacin kunna kwamfuta, har sai firinta da Wi-Fi sun yi mako guda lafiya.