Kebul ɗin HDMI na fayiba mai mita 15: ya biya kuɗinsa

Sana'ata haɗa talabijin da kyamarorin tsaro a gidaje a nan Jidda, kuma ba abin da ke ba ni ciwon kai irin allon da ke nesa da na'urarsa. Wani Alhaji ɗan garinmu ya kafa allo a bangon majalisi, PlayStation 5 ɗin yara kuma tana can cikin kabad. Kebul ɗin HDMI (wayar da ke kai hoto da sauti daga na'ura zuwa allo) na tagulla da ya saya da arha, da an sa 4K, wato hoto mai tsananin kyau, sai farin ɗige-ɗige su cika hoton, allon ya ɗauke ya dawo. In an sauko da ingancin hoton zuwa 1080 sai ya zauna lafiya.

Ya ce min, "Ɗana, waya ai waya ce." Na ce ranka ya daɗe, ba a irin wannan gudun ba.

Abin da ke sa a kira sigina mai gudu shi ne saurin tashinsa daga 0 zuwa 1, in an gwada da lokacin da zai ci kafin ya ratsa wayar. A tagulla yana tafiyar kusan santimita 20 cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. HDMI 2.1 da ya fito a 2017 layi huɗu gare shi, kowanne na iya ɗaukar gigabit 12 a daƙiƙa, wato bit (0 ko 1) biliyan 12. Ke nan tsawon bit guda bai kai santimita 2 ba, ɗaruruwa ne ke jere cikin waya mai mita 15 lokaci ɗaya. Duk inda aka matse ta ko aka yi ha'inci wajen haɗa kai, wani ɓangare na siginar sai ya komo baya kamar amsa-kuwwa a rijiya, ya dagula na bayansa. Tsawon kuma yana raunana sauran.

Na fayiban da na sayo a titin Falasɗin haske yake mayar da siginar ya tura ta cikin siririn zare, irin wannan tsawon ba ya damunsa. Tunda na sa shi hoton bai ƙifta ba. Siriri ne, sai dai kawunansa masu kauri ne, da ƙyar suka bi bututun bango. Kuma hanya ɗaya yake bi: an rubuta kan da ke shiga na'ura da wanda ke shiga allo, in ka juya shi ba hoto, don haka a gwada shi a ƙasa kafin a zura.

Yana da tsada sosai. Mai mita biyu tsakanin allo da na'ura kada ya ɓata riyal ɗinsa, na tagulla mai tambarin shaida da lambar QR a kwali ya ishe shi.