Likitan da ya duba min Akawal da jikinsa ya sandare

Ƙusa ce ta soki dokina Akawal a kofato muna dawowa daga kilisa ta wajen Kawo. Muka cire, muka wanke, muka manta. Bayan kwana 10 sai yaron barga ya ce doki ya ƙi dusa. Na tarar da shi tsaye ƙiƙam, ƙafafu a ware, kunnuwa a miƙe, wutsiya a ɗage, baki ya ƙi buɗuwa. Wasu suka ce iska ce, a yi hayaƙi. Ni dai na kira wani likitan dabbobi mai zuwa gida.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar ciro allura ba. Ya ɗan ɗaga haɓar dokin, sai wata fatar ta taso daga kusurwar ido ta rufe rabinsa. Ya ce, "Alhaji, tetanus ne." Ya bayyana min cewa ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da cikin kashin doki, ta shiga ta rauni mai zurfi, dafinta ya bi jijiya ya hana tsoka sakewa. Bai ɓoye min cewa da yawa ba sa tashi ba.

Ya buɗe raunin ya wanke, ya yi allurar karya dafi da penisilin da ta kwantar da jiki. Sannan ya sa muka rufe tagogin barga da buhuna, muka cusa wa dokin auduga a kunne, don ko ƙarar babur sai ta sa jikinsa ya ƙage. Ruwa da kunun dusa muka rataye daidai bakinsa, tunda ba ya iya sunkuyawa.

Inda na ga gazawarsa: dare na uku jikin ya tsananta, na yi ta kira bai ɗauka ba sai da asuba. Wannan ya ci min rai ƙwarai. Kuɗin maganin ma ba wasa ba.

Duk da haka, duk mai doki a Kaduna da ya tambaye ni, shi zan nuna masa. Sai da aka shiga sati na huɗu Akawal ya tauna harawa. Sauran dawakan biyu kuwa an yi musu allurar rigakafi ta farko, ta biyu wata mai zuwa.