Zango guda ko kashi ɗaya: hanyoyi biyu a shirin Glee

Shirin waƙe-waƙe na Glee, wanda tashar Fox ta Amurka ta nuna daga 2009 zuwa 2015, ya bi hanyoyi biyu wajen taɓo matsalolin matasa. Labarin cikin da ɗaliba Quinn ta yi, an shimfiɗa shi tsawon zangon farko, har mai kallo ya ga yadda mahaifinta ya kore ta daga gida, farin jininta a makaranta ya zube, waƙoƙin kuma suka samu nauyin da za su ɗauka. Harbin bindiga a makaranta kuwa kashi ɗaya tak aka ba shi a Afrilun 2013, wata huɗu bayan kisan da wani ɗan bindiga ya yi wa yara a makarantar firamare ta Sandy Hook a Amurka. A ganina hanyar farko ta fi, domin a ta biyun tun firgici bai lafa ba aka koma shirye-shiryen gasar waƙa.