Maganin Ciwon Damuwa ta Hanyar Tattaunawa: Wanne Ya Kamata Ka Biya wa Kuɗi?

Idan likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon damuwa, ko dai ya rubuta masa ƙwaya, ko ya tura shi zama da ƙwararre mako-mako, ko ya haɗa masa duka biyun. Ƙwayar kowa ya san yadda take. Zaman ne mutane ke yi wa kuɗin goro, suna ganin ai zuwa za ka yi ka zazzage abin da ke cikinka, a ba ka haƙuri, ka dawo gida. Alhali iri-iri ne, kowanne da tsarinsa, da yawan zamansa, da aikin da zai ɗora maka kafin mako ya zagayo. Wanda zai ba da kuɗinsa da wata uku ko huɗu na rayuwarsa ya kamata ya san abin da yake saya.

Kafin a kai ga zaɓi, a fara zuwa asibiti. Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Sai ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, tare da lalacewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba a bakin komai ba. Ƙarancin jini da matsalar ƙwayar wuya mai jawo maƙoƙo duk suna iya kama da shi, kuma su gwajin jini ke gano su. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma bai gaji ba, yana ta zuba da ɓarnar kuɗi, ya faɗa wa likita, domin wannan wani ciwo ne daban mai maganinsa daban. Wanda kuma tunanin hallaka kansa ya fara zo masa, ba ranar cinikin wane zama ya fi ba ce. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa.

Gaskiyar da masu tallar kansu ba sa son faɗa ita ce, idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, kamar yadda Pim Cuijpers da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a Amstadam, tazarar da ke tsakanin manyan hanyoyin nan ba ta da yawa. Don haka abin dubawa shi ne wacce za ka iya kammalawa, wacce ke da ranar ƙarewa, wacce kuma ake auna ko tana aiki. A wannan ma'auni, wadda ta fi cancanta a fara nema ita ce hanyar farfaɗo da harkokin yau da kullum, wadda ake rubutawa BA a takardun asibiti.

Tushenta mai sauƙi ne. Ciwon damuwa yana sa mutum ya janye: ya daina fita shago, ya daina ɗaga waya, ya daina zuwa suna da biki. Janyewar takan ba shi ɗan sauƙi na awa guda, sannan ta raba shi da duk abin da ke kawo masa daɗi ko jin ya yi wani abin kirki, sai ciwon ya ƙaru, sai ya ƙara janyewa. Mai ciwon yana jira ya ji ƙarfi kafin ya motsa. Wannan hanya ta ce a motsa tukuna, ƙarfin zai biyo baya, kamar motar da batirinta ya mutu, sai an tura ta take tashi.

Ga yadda ake yi. A makon farko ba a canza komai, rubutawa kawai ake yi: me ka yi daga asuba zuwa azahar, daga azahar zuwa magariba, daga magariba zuwa kwanciya, kuma yaya ranka yake, daga 0 zuwa 10. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a waya, ko wani na gida da ya amince da shi ya rubuta masa. A zama na biyu a duba takardar tare. Kusan kullum akan tarar ranar ba baƙa ba ce gaba ɗaya, akwai inda 2 ta koma 4, wataƙila lokacin da yaro ya dawo daga Islamiyya ya zauna kusa da kai. Daga nan a jero abubuwan da mutum ya bari kashi uku: na dole kamar wanka da biyan kuɗin wuta, na jin daɗi, da waɗanda ke da daraja a wurinsa, kamar sallar jam'i ko gaishe da mahaifiya. A tsara su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a sa wa biyu ko uku rana da lokaci.

Ɗauki tela da ya yi wata biyu bai buɗe shago ba, ɗinkunan mutane sun taru, kunyar haɗuwa da su ta hana shi bin layin. Ba a ce masa ya koma aiki Litinin. Ana cewa: Litinin bayan la'asar ka je ka buɗe ƙofa, ka share, ka sa wa keke mai, ka rufe, minti goma sha biyar. Laraba ka kira mutum ɗaya cikin masu kayan ka ba shi rana. Asabar ka yanka riga ɗaya, ko ba ka ɗinka ba. Kuma ya yi hakan ko ransa na so ko ba ya so, domin takardar ake bi. Ɗaure aikin da lokutan salla yana taimakawa ƙwarai, tunda kiran salla ba ya mantuwa kamar ƙararrawar waya.

Inda ake samun matsala wuri uku ne. Na farko, a yanko aiki babba, mutum ya kasa, ya ce ka gani, ni dama ba zan iya ba. Idan aka kasa aiki, laifin girman aikin ne, a raba shi biyu. Na biyu, a cika takardar da ayyukan dole zalla, ta koma wahala. Na uku, 'yan uwa su ji labarin su mayar da shi "tashi ka ware, kowa ma da damuwarsa". Wannan gori ne, kuma ƙara tura mutum ɗaki yake yi.

Hujjar BA ba ta baka ba ce. A 1996 Neil Jacobson da abokansa a Amurka suka ware wannan ɓangaren daga cikin CBT, wato hanyar gyara tunani da ɗabi'a, suka ba da shi shi kaɗai, ya yi aiki daidai da cikakkiyar CBT ɗin. A 2016 aka wallafa gwajin COBRA na Ingila, mai mutum 440, inda ƙananan ma'aikatan lafiya suka ba da ita, sakamakon bai gaza na CBT ba bayan shekara guda, kuɗin kuma ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. A jihar Goa ta Indiya an koya wa mutanen gari ita, suna yin ta a zama 6 zuwa 8. A wurin da masana halayyar ɗan Adam na asibiti ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

CBT, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, ita ce mai suna, kuma an fi gwada ta fiye da kowacce. Ana yin zama 12 zuwa 20, kowanne kusan awa guda. Aikinta kama tunanin da ke faɗowa da kansa, irin "kowa ya gaji da ni", a rubuta shi, a kawo hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke ƙaryata shi, a fito da wanda ya fi kusa da gaskiya. Ta dace da mai yawan zargin kansa, ɗalibi ko ma'aikaci da rubutu ba ya ba shi wahala, kuma abin da aka koya yana rage dawowar ciwon. Aibinta biyu: tana son rubuce-rubuce a lokacin da kai ba ya ɗaukar karatu, sannan sunanta ya yi arha. Idan aka yi zama uku ba a tsara abin da za a tattauna ba, ba a ba ka aikin gida ba, to hira kuke yi, ko me aka rubuta a rasit.

IPT, wato hanyar gyara mu'amala da mutane, ita ce ta biyu a wurina, wani lokaci ma ta farko. Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara ta a shekarun 1970, zama 12 zuwa 16, kuma tana zaɓar abu ɗaya cikin huɗu ta tsaya a kai: rasuwa, saɓani da wani na kusa, sauyin matsayi, ko kaɗaici. Matar da ciwonta ya fara bayan takaba, ko bayan saki, ko haihuwa, ko da aka yi mata kishiya, da magidancin da ya yi ritaya gida ya yi masa faɗi, nan ne wurinsu. An gwada ta rukuni-rukuni a ƙauyukan Yuganda, aka wallafa a 2003, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin zama 8 na rukuni a 2016. Samun wanda ya koye ta da gaske ne wuya.

Hanyar warware matsala mataki-mataki, wadda Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata a Harare suna yi a kan benci cikin zama 6, tana da kyau ga wanda bashi ko rigimar haya ce ta danne shi. Sauraro zalla ba tsari yana sanyaya rai, ya isa ga mai ƙaramin ciwo, amma kada a biya shi da tsada. Mai tono ƙuruciya tsawon shekaru, a bar wa mai kuɗi da lokaci. Ta koyon nutsuwa ta mako 8, wato MBCT, an fi saninta da tsare wanda ya warke daga komawa, ba ita ce ta farawa ba. Idan kuma ciwon ya yi tsanani, kowacce aka zaɓa a haɗa da ƙwaya, wadda takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin ta, kuma ba a yanke ta rana ɗaya.

Duk wannan zaɓi banza ne idan aka faɗa hannun ɗan damfara, kuma sun yi yawa. Kowa ya sayi fitilar ɗaukar bidiyo ya buɗe shafi a Instagram ko TikTok sai ya zama mai ba da shawara, da takardar kwas ɗin mako biyu na intanet. Ka tambaya kai tsaye: me ka karanta, a ina, wace hanya za mu bi, zama nawa, wa ke duba aikinka? Likitan ƙwaƙwalwa yana da rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Nijeriya. Masanin halayya na asibiti yana da digiri na biyu a fannin, da horo a asibiti. Na gaske ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce "ke dai ki yarda da ni", a kama gaba.

Sai batun awo. Akwai takarda mai tambaya 9 da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27. Daga 10 ciwo ne matsakaici, daga 20 mai tsanani. A cike ta a zaman farko, a riƙa maimaitawa. Idan an yi zama biyar ko shida makin bai motsa ba, dole a zauna a sake shawara: a canza hanya, a ƙara ƙwaya, ko a tura ka gaba. Wanda ba ya auna komai zai iya riƙe ka shekara yana cewa ana samun ci gaba. Haka wanda ya ce a biya kuɗin zama ashirin a dunƙule ba mayarwa, da mai alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, da mai sayar da garin magani ko ƙwayar barci a gefe. Mafi haɗari shi ne mai cewa ka zubar da maganin asibiti.

Sirri kuwa, a nan aka fi cutar mutane, musamman mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole ka faɗi abin da ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, don haka ka san hannun da zai shiga. Duba shafinsa: idan yana wallafa hotunan hirarsa da masu zuwa wurinsa, ko da ya goge suna, gobe taki ce, kuma a unguwa ba a buƙatar suna kafin a gane mutum. Tambayi inda yake ajiye rubutunsa, da abin da zai ce idan miji ko uwa suka kira. Amsar daidai ita ce ba zai faɗi komai ba sai da izininki, in ban da rai na cikin haɗari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci. Mai kiran dare, mai yabon kyau, mai cewa a haɗu a otal ko ya fara zancen aure, ya fita daga aikin jinya, a daina zuwa, a kai ƙara inda yake aiki.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da ko ɗaya cikin hanyoyin nan, ƙwararren kirki ma cikin jadawalin zai sa su. Abin gudu shi ne inda ake duka, ko ɗauri, ko hana abinci da sunan cire aljani ko gyaran hali. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Duk wurin da aka ce a kawo mara lafiya a bar shi, kuma ba a yarda dangi su shiga ɗakin da yake kwana su gani da idonsu ba, kada a sauke jakarsa.