Wane keke zai hau tudun Adar cikin iskar hunturu? Ku karanta kafin ku zuba kuɗinku

Salamu alaikum ƴan uwa mahaya keke. Tun da sanyi ya shigo samari ke tare ni suna tambaya, wai wane keke za su saya su bi mu tahiyar nan da muke yi daga Tawa zuwa Badagishiri mu dawo. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani. Kuma tun yanzu in faɗa muku ba ɓoye-ɓoye, ni keken tsere na alminiyo mai lanƙwasasshen kai da giya masu laushi shi ne nawa, shi nake hawa shi kuma zan ce ku saya. Sauran zan taɓo su amma kar ku zaci zan daɗe a kansu.

Wanda bai taɓa yin hanyar ba bari ya san abin da ke jiransa. Kusan kilomita 50 ne zuwa, 50 dawowa, gudro ne, amma ƙasar Adar ba shimfiɗe take ba, sunan ma Adar Dutsi ake ce mata, ka hau tudu ka gangara kwari ka sake hawa. Zuwa kam daɗi, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma kudu ka nufa, tana bayanka tana tura ka har ka ɗauka ƙarfinka ne. Dawowar ita ce magana. Ka juyo da hantsi rana ta fara zafi, iskar da ke tura ka ɗazu yanzu tana dukan ƙirjinka da kafaɗarka ta dama, ƙura na shiga ido da haƙori, leɓe ya tsage, ga hawan fita daga kwarin na jiranka ƙafa ta riga ta yi sanyi. Kuma lissafin iska ba irin na kasuwa ba ne. In kana gudun kilomita 20 a awa ita ma tana zuwa da 20, to iskar 40 ce ke bugunka, nauyin turinta kuma ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Nan ne ake gane keke, ba a tsaye bakin shago yana ƙyalli ba.

Keken ɗaukar kaya irin Phoenix, Allah ya saka masa da alheri ya yi wa iyayenmu aiki, amma giya ɗaya gare shi ga nauyi, turawa za ka yi da hannu. Waɗannan sabbin masu sifirin gaba da baya da ake jerawa da fenti mai walƙiya kuma, rabin ƙarfinka sifirin ɗin ke shanyewa, ku bar wa yara su zaga unguwa. Tsofaffin kekunan tsere na Faransa, su Peugeot da Motobécane da Gitane, ina son su har raina, ƙarfensu mai kyau ne kuma in ya tsage mai walda zai ɗinke maka, sai dai yawanci farantin gabansu haƙora 52 da 42 ne, na baya kuma babbansa bai cika wuce 23 ko 24 ba, ga shi na da can zaren kusoshinsu irin na Faransa ne wanda samun madadinsa yanzu sai an sha yawo.

To ga nawa. Kadar ɗinsa, wato ƙashin keken, alminiyo ne, keken gaba ɗaya bai kai kilo 11 ba, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in haye da shi dakali. Farantin gaba biyu ne, 50 da 34, na baya tara ne daga 11 har 32, kayan giyar Shimano Sora. Wannan 34 da 32 ɗin su ne dukiyar keken, ba fenti ba ba suna ba. In na sa sarƙa a kansu, juyin feda ɗaya yana kai ni mita 2 da ƴan kai kawai, ƙafa na juyawa a hankali ba tare da na miƙe tsaye ina murɗa gwiwa ba. Mai tsohon keken Faransa da 42 da 23, juyinsa ɗaya kusan mita 4 ne, a fili wannan abin so ne amma a tsakiyar tudu iska na gabanka sai ka ji kamar an ɗaura maka buhun gero a baya. Na ga ƙato wanda ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba ya sauka yana turawa ni ina zaune kan sirdi ina wuce shi, ba don komai ba sai haƙoran nan. Shi ya sa abu na farko in ka je sayen keke, durƙusa ka ƙirga haƙoran babban pinyon baya, wato farantin giyar baya mafi girma, da yatsanka. In bai kai 30 ba, ka sa kuɗin canza shi cikin ciniki, kuma ka tambaya ko abin canjin giyar na baya mai dogon hannu ne, don gajeren sau da yawa ba ya iya ɗaukar 32. In ka dace da mai faranti uku a gaba wanda ƙaraminsa 30 ne, kar ka ji kunyar wai na tsofaffi ne, ɗauka.

Sai lanƙwasasshen kan nan da wasu ke cewa yana sa ciwon baya. Sati biyu ne jiki ya saba. Amfaninsa kuwa in iska ta taso sai ka kama ƙasa ka sunkuya ka matse gwiwar hannu, ka rage faɗin da iska ke duka, nan take za ka ji keken ya saki. Ga wurin kamawa uku ko huɗu, hannu ba ya mutuwa a tahiyar awa biyar. Matakan Shimano na keken tsere kuma ku riƙe su don kar a ruɗe ku: Claris giyar baya takwas gare shi, Sora tara, Tiagra goma, sai 105 da Ultegra da Dura-Ace a sama. Mu nan Claris da Sora da Tiagra sun ishe mu, ni ma na fi son takwas ko tara don sarƙarsu ta fi kauri, ta fi jure ƙura, kuma ta fi sauƙin samu. Aibin keken nawa ɗaya zan faɗa tsakani da Allah, alminiyo in ya tsage mai waldar bakin hanya ba zai iya masa komai ba, don haka duba wuraren haɗi da kyau kafin ka biya, musamman ƙarƙashin wuya da gindin sirdi.

VTT na gaskiya, wato keken daji mai miƙaƙƙen kai, irin tsofaffin nan na shekarun 1990 masu kadar ƙarfe da taya inci 26 ba sifirin, shi ne na biyu a wurina, kuma in tahiyarka ta fi yawa ta laterit ce wajen ƙauyukan Keita da Tamaske to ya ma fi. Giyarsa laushi gare ta, taya da tib ɗinsa ko'ina akwai. Cire masa tayar nan mai ƙuraje ka sa mai santsi. Amma a gudro cikin iska zaune kake ƙirji buɗe kamar ƙofa, za ka iso, sai dai bayan mutane sun gama shan shayi.

Keke mai kadar karbon kuwa, wanda ba ƙarfe ba ne ba alminiyo ba, in na hannu ne, a'a. Zan dawo kansa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ƙona ni, don shi ne ya sa nake wannan dogon surutu. Shekara biyu da sunka wuce na sayi sarƙa a Yamai wurin wani mai kayan keke, cikin kwali mai kyau da sunan Shimano a jiki. Na ce Alhaji wannan ta asali ce? Ya ce haba ɗana, ni zan cuce ka? Na biya na taho. Sati uku kacal. Ranar da munka yi tahiyar, a dawowa, tsakiyar hawan nan na miƙe in danna feda sai na ji ƙas, ƙafata ta tafi a banza, gwiwata ta daki kan keken na faɗi gefen gudro, tafin hannuna ya sale tsakuwa ta shige ciki. Sarƙar na kwance a ƙasa kamar mataccen maciji, ɗaya daga cikin ƴan faifan gefenta ya buɗe ƙusar ta fita. Da akwai babbar mota bayana a lokacin da yanzu wani labarin ake yi. A bayan wata mota mai ɗauke da albasa na dawo Tawa, keken a kan buhuna ni ina riƙe da shi da hannu mai jini.

Washegari na kai wa dattijon da ke mini gyara. Ya juya ta a hannu, ya lanƙwasa ta gefe sai ga ta ta tanƙwaru kamar igiya, ya ce yaro wannan ba ta gidan da anka rubuta ba ce, dubi rubutun jikinta wani ya fito wani bai fito ba, dubi kan ƙusoshin ba a dasa su daidai ba. Na ce Baba to yaya mutum zai gane? Ya ce da farko kuɗin, in an ba ka abu rabin kuɗinsa to rabin abu ne. Tun ranar ban ƙara sayen sarƙa ba sai na buɗe kwalin na duba rubutun kowane faifai, kuma kullum akwai maɓallin haɗa sarƙa da ɗan abin cire ƙusa cikin jakata.

Jabu kuma ba a sarƙa ta tsaya ba wallahi. Akwai abin canjin giya da ake bugawa da suna mai kama da na asali an canza harafi ɗaya, in ba ka kula ba ka karanta abin da idonka ya saba gani. Akwai kadar ƙarfe mai nauyi da ake yi wa walda mai kauri da fenti a ce maka alminiyo ne, maganinsa sauƙi, tafi da mayen ƙarfe a aljihu, in ya manne to ƙarfe ne, alminiyo da karbon ba ya kama su. Akwai takardun manne na kamfanonin keke irin su Giant da Trek da ake liƙa wa kowane tarkace, sa farce a gefen rubutun, na kamfani yawanci yana ƙarƙashin fenti mai sheƙi ba ya ɓantaruwa. Takardar manne da ka gani a wurin da bai kamata ba, kamar kan haɗin walda, ka ce a ɓare ta a gabanka, in mai keken ya ƙi to tsaga ce a ƙasa. Kifa keken ka duba lambar da ke ƙarƙashin gidan feda, in an goge ta da faifan gurza ka ajiye ka yi gaba, kayan sata ne kuma kai za a kama da shi.

Karbon ɗin da na ce zan dawo kansa, a kwantena yake zuwa an danne shi da firij da katifu, yana iya tsagewa ta ciki waje lafiya lau, sai a shafa masa fenti a ce ga na Turai. Ana ƙwanƙwasa shi da kwabo a saurara, wurin da ya lalace sautinsa a dushe yake, amma ko wannan ba tabbas ba ne, kuma karbon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake lokaci guda. A gangaren Badagishiri ba na son in gwada. Haka waɗannan janti masu faɗi da samari ke mutuwar so don suna kama da na Tour de France, iskar gefe na kama su kamar faifai, babbar mota ta wuce ka iska ta yanke ta dawo sai ka ji kan keken ya fizge. Siririn janti na alminiyo mai waya 32 ya fi mana, in waya ɗaya ta tsinke ma za ka lallaɓa ka iso gida.

Keken hannu kuma, ko na kirki ne, duba sarƙar da ke jikinsa. Ja ta a gaban babban faranti, in ta ɗago har kana hango haƙori ta ƙare, kuma sau da yawa ta cinye pinyon baya tare da ita, haƙoran za ka gan su sun yi tsini sun karkata. Mai ma'auni ya auna daga tsakiyar ƙusa ya ƙirga 20 gaba, sabuwa santimita 25.4 ce, in ta kai 25.6 a canza.

Taya kar ka yarda da mai faɗin milimita 23, ta yi siriri, nemi 28 ko 32 in kadar ɗin zai ɗauka, don tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa kowa in ka sauka gefen hanya. Bakin tib ɗin keken tsere siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan abin ɗaurawa, saye biyu ka ajiye ɗaya a aljihu da tib biyu da famfonka. Baƙin man mota a sarƙa cikin hunturu kuma shi da ƙura sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, ɗiga mai kaɗan ka goge da tsumma har ta bushe a waje. Hular kwano dole, a ranar faɗuwata ita ta daki gudro ba kaina ba.

In ka samu wanda ya kwanta maka, kar ka biya a tsaye. Ka ce Alhaji ga katin shaidata riƙe, ka hau ka nemi wuri mai ɗan tudu, ka sa giya mafi laushi ka danna da ƙarfi ka ji ko sarƙa na tsalle, ka canza su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ka kama birkin gaba ka girgiza ka ji ko wuyan na ƙwas-ƙwas. Kuma ka tafi da mai gyaranka ko da za ka biya masa kuɗin mota da jikka biyu na wahala. Mu dai ranar Lahadi bayan sallar asuba muke tashi, don mu juyo kafin iskar ta gama ƙarfi, kowa da gorar ruwa biyu da dabino a aljihu.