Rigar Sanyin Gwanjo a Hunturun Maraɗi

Rigunan sanyi da wani shagon gwanjo na Babbar Kasuwar Maraɗi ya baje a bana, yawancinsu an ɗinka su ne domin ƙasashen Turai, inda a watan Nuwamba hazo mai laima kan wuce, iska mai ƙarfi ta biyo baya, sannan dusar ƙanƙara ta rufe tsaunukan Alps. Namu hunturun busasshe ne, iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa ɗauke da ƙurar Sahara, saboda haka ba kowace riga ce ta dace da mu ba.

Wadda na saya tana tare iska sosai, kuma ɗan kabu-kabun da ke fita bayan sallar asuba a Disamba da Janairu zai ji daɗinta, domin wuyanta yana rufewa har haɓa. Sai dai da hantsi ya ɗaga takan yi nauyi, zufa ta keto, kuma gashin da ke bakin hularta yana kwasar ƙura ƙwarai.

Mai shagon yana barin mutum ya gwada zif ya duba ɗinki kafin ciniki, abin da na yaba matuƙa. Ina ba da shawarar a zaɓi mara kauri.